Motar da Aka Nema da Gwiwar Adda

Sau biyu Murtala ya kai yayarsa asibiti. Biyu, ba uku ba. A zuwan farko aka ɗauki hoton gwiwarta. A na biyu likita ya rubuta takarda ya buga hatimi, Murtala ya karɓa da hannu biyu ya zura a jakar ofis. Adda tana zaune a kan benci tana kallonsa har idonta ya kawo ruwa. A ranta ta ce ashe yaron nan yana da tausayi, dubi yadda yake lallaɓa takardar ciwona kamar ƙwai.

Daga ranar nan ba ta sake ganin ƙofar asibiti ba.

Adda ba ita ta haife shi ba, amma ita ta goye shi, ita kuma ta yi shekara talatin tana sauke ƙwaryar nono a tashar Utako da ta Jabi har ya gama karatu. Ƙwarya ta ci wuya, hanya ta ci gwiwa. Tarihin ke nan, ba sai an ja shi ba. Da damina ta faɗi bana ya je rugarsu da ke bayan Gwagwa, ya durƙusa a gaban dattawa ya ce barci ba ya ɗaukarsa a kan katifa alhali yayarsa tana jan ƙafa cikin taɓo. Mutanen ruga suka yi ta sa masa albarka har motarsa ta ɓace.

A gidansa na Kado aka ba ta ɗakin da ke can baya, wanda suke kira boskwata, bango ɗaya ne tsakaninta da janareta. Babban gidan kuwa matakala uku ake hawa kafin a shiga. Makon farko takan hau su a hankali, ta zauna a falo ta yi wa yara wasa.

Matar da ke gashin ƙashi a asibitin ta faɗa musu, su biyun, ba a ɓoye ba: a kawo ta kowace Talata da Alhamis, in ba haka ba gwiwar za ta ƙage, in kuwa ta ƙage babu man da zai warware ta. Ta kuma ce wa Adda kullum da safe ta dafa bango ta ɗaga ƙafa, ta lura da inda take kaiwa. Adda ba ta san biro ba, amma tana da sandar kiwon marigayi mijinta. Sai ta jingina ta da bango, ta ɗaga ƙafa iya ƙarfinta, ta ɗauki reza ta yi tsaga daidai inda babban yatsanta ya taɓa. Tsagar farko ta kusa kai gwiwa.

Talata ta farko mitin ne. Alhamis oga ya dawo daga Legas. Talata ta gaba layin mai, ta gabanta kuma wai an tare hanya wani babba zai wuce. Da uzurin ofis ya ƙare sai Murtala ya zama likita: ai gashin nan ba magani ba ne, motsa jiki ne kawai, ko a ɗaki mutum zai iya yi. Matarsa Nabilah ba ta da mugun baki, ba ta taɓa ɗaga wa Adda murya ba. Takan kawo man zafi ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce Adda ta yi haƙuri, ta san yadda Abuja take, kowa gudu yake yi. Haƙuri dai, haƙuri. Da haƙuri yana warware gwiwa, da Adda ta yi tsere da barewa.

Kullum ƙarfe bakwai Murtala yana fitowa da silifas ya tayar da ƙaramar motarsa ta kamfani, ya bar ta tana ɗumi, ya koma ya sha shayi. A ganinsa wanda ya ja mota bai ɗumama ta ba ya kashe inji. Inji yana da mai tausaya masa a gidan nan. Ranar Talata da Alhamis Adda takan yi wanka tun asuba, ta ɗaura zaninta mai kyau, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne a ƙofar ɗakinta, katin asibiti a ƙulle a gefen mayafi. Motar tana nan taku goma daga inda take, ƙofa ba a kulle ba, kuma gajera ce, za ta iya shiga. Amma an raine ta a kan cewa Bafulatana ba ta roƙo, ba ta kuma cusa kanta inda ba a kira ta ba. Iyakar abin da bakinta ya iya furtawa shi ne:

"Murtala, yau Talata."

"Na sani, Adda."

Sai ya ja mota, maigadi ya rufe get. Takan jima a zaune, sannan ta shiga ta kwance zanin ta ninke.

Ba kullum take tsaga ba, sai ranar da ƙafar ta kasa kai ta jiya. A mako na uku ta yi ta biyu. A na biyar matakalar falo ta gagare ta, sai aka koma miƙo mata abinci a kwano mai murfi, yaran ma suka daina leƙowa domin ƙarar janareta. A wata na biyu ta kasa kai goshinta ƙasa. Ranar da ta fara salla a zaune ta yi kuka a kan dadduma, ita da ba ta yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da aka fitar da gawar mijinta. Da Murtala ya ji, ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi, bai shiga ba, ya ce ai addini mai sauƙi ne, Allah ya yarda mara lafiya ya yi salla a zaune. Fatawa ma yana da ita. Wata uku, tsaga bakwai, kowace tana ƙasan 'yar'uwarta kamar tsanin da ake sauka rijiya. Ta ƙarshe a tsakiyar ƙwauri ta tsaya.

Wata Laraba bayan la'asar Nabilah ta shigo har cikin ɗakin, abin da ba ta saba ba, da sabuwar atamfa ɗinkakkiya da mayafi. Ta ce gobe za a fita gaba ɗaya, Adda ta shirya da wuri. Ruwa ba ya tsami banza, Adda ta sani. Amma gobe Alhamis ce, mai nema kuwa ba ya rasa zato. Ta ƙulle katinta a gefen sabon mayafin.

Da safe aka sa ta a bayan ƙaramar motar. Tana gani suka wuce kwanar da ta tuna ta asibiti, ba su karya ba. Suka miƙe har wajen Jabi, suka shiga wani fili mai ginin gilashi, motoci a jere hanci da hanci kamar shanu a kara ranar kasuwa.

Wata mata mai kwat da siket ta fito da fayil a hannu, direban wurin yana biye da ita da makullai. Murtala ya tare ta da Turanci, yana murmushi yana nuna Adda da buɗaɗɗen tafi. Ya juyo ya ce wa Adda wannan Madam Prudence ce, ba wani abu ba ne, takarda ce kawai za ta dangwala wa yatsa, shi zai fassara mata duk abin da aka ce. A nan dabararsa ta karye. Ya ga kwat, ya ji Turanci a waya, bai taɓa kawo wa ransa cewa matar a Bukuru ta girma ba. Ta rusuna ta gaida Adda da Hausa, irin ta mutanen Filato da ba ta damu da mace ko namiji ba, ta sa aka kawo mata kujera a inuwa.

"Mama, yau kai ne babban baƙo. Motar nan saboda kai ne."

Adda ta ce ita ba ta gane ba, a yi mata dalla-dalla, ita ba ta yi boko ba. Murtala ya ce ai babu lokaci. Prudence ta ce akwai, doka ce ma sai ta yi bayani kafin a sa hannu. Ta ce kamfanin da Murtala yake aiki ba ya saya wa ma'aikata mota, haya yake ɗauko musu daga wurinsu, duk shekara huɗu a mayar da tsohuwa a zaɓi sabuwa. Mai matsayin Murtala ƙaramar mota ake ba shi. Jif sai manya, ko kuma ma'aikacin da ke da mara lafiya a gidansa wanda yake jigilarsa asibiti. Ta buɗe fayil ɗin. Ga hoton gwiwa, ga takardar likita da hatiminta, ga kuma inda Murtala ya rubuta da hannunsa cewa wata uku ke nan yana kai yayarsa gashin ƙashi duk Talata da Alhamis, ƙaramar motar tana wahalar da ita. Abin da ya rage, mara lafiyar ta gwada motar da kanta, ta sa hannu a gefen wadda ta yi mata.

Adda ta dubi takardar. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ta gane hatimin. Ta tuna hannu biyun da aka karɓe ta da su, ta tuna durƙuson gaban dattawa, ta tuna albarkar da aka bi motarsa da ita. Ashe ba ita aka ɗauko daga ruga ba. Gwiwar aka ɗauko, ita rakiya ta yi.

Jif biyu aka fito da su. Ɗaya baƙa wuluk, doguwa, gabanta kamar ƙirjin bijimi. Ɗayar ruwan toka, ba ta kai waccan tsayi ba, tana da 'yar matakalar ƙarfe a ƙarƙashin ƙofa. Murtala ko kallon ta biyun bai yi ba. Direban, Nicholas, ya yi dariya ya ce oga ai zuwansa na uku ke nan wurin baƙar, har ta fara gane muryarsa. Nabilah ta ce mai ruwan tokar kamar motar kai yara makaranta.

Aka buɗe ƙofar baƙar. Murtala ya naɗe hannun riga ya ce Nicholas ya kama ta can, shi ya kama ta nan, su ɗora ta, minti ɗaya an gama.

"Ni ba buhun dusa ba ce," in ji Adda. "Ku je ku yi gwajinku. Ina nan."

Suka tafi shi da matarsa, Nicholas a baya. Prudence ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta tambaye ta yaya jiki, gashin yana yi mata amfani kuwa. Adda ta ce da sauƙi. Ko a lokacin kunya ba ta sake ta ba, ƙanenta ne, ba ta iya buɗe baki ta tona shi a gaban bare. Sai idon matar ya sauka a kan sandar. Ta tambaya ko ado ne irin na Fulani. Adda ta juya sandar a hannunta, ta ɗora farce a kan tsagar sama ta ce nan ƙafarta take kaiwa ranar da ta zo Abuja. Ta gangaro da farcen ɗaya bayan ɗaya har ta ƙasa, ta ce nan ta kai shekaranjiya. Prudence ta dubi sandar, ta dubi fayil ɗin da ke cinyarta.

Baƙar ta dawo tana sheƙi. Murtala ya diro fuskarsa kamar an yi masa albishir da Aljanna. Ya ce ya bi da ita ta bakin tafki, ya faɗa rami da gangan bai ji komai ba. Nabilah tana lissafi: rufin yana buɗewa, kujera tana hura sanyi, akwai talabijin da ke nuna bayanka in za ka yi ribas. Ya ce Madam ta kawo takarda, sun zaɓa. Prudence ta ce Mama ba ta gwada ba tukuna.

Sai ya tsuguna a gefen kujerar Adda, ya sauke murya, ya koma Fulatanci, yaren da ya yi shekaru bai yi mata ba. Ya ce ta rufa masa asiri. Ya ce ba ta san ofis ba, mutum da motarsa ake auna shi, shekara takwas yana ajiye ƙaramar mota a bayan na yaran da ya koya wa aiki. Ya ce zai sa kafinta ya yi mata ɗan akwatin takawa, kuma wallahi daga mako mai zuwa ba za ta sake fashin asibiti ba. Da ya ga ba ta motsa ba sai ya taɓo inda yake ganin zai yi zafi. Ya ce in zaman gidansa ne ya ishe ta, ruga tana nan inda ta bar ta.

Adda ta dafa sanda ta miƙe. Sai da ta ɗauki lokaci kafin ta tsaya daidai.

"Da Fulatanci ka yi mini don kada a ji. Ni da Hausa zan ba ka amsa."

Ta ja ƙafa har gaban baƙar motar. Ta zagaya idonta a kanta yadda take duba saniya kafin a yi ciniki, daga ƙafa zuwa gadon baya. Sannan ta kafa sandar a ƙasa, ta jingina ta da dokin ƙofar. Kowa ya gani. Bakin ƙofar ya wuce tsaga ta bakwai, ya wuce ta huɗu, ya wuce ta farkon ma da faɗin yatsa huɗu.

"Duba da kyau, Murtala. Ko ranar da ka ɗauko ni da sauran ƙarfina, ba zan iya shiga wannan ba. Zuwanka uku wurinta, ba ka taɓa duban ƙofarta ka tuna da ni ba. Ruga kuwa da kake faɗa, bukkata ba ta da matakala. Da ƙafata nake shiga."

Nabilah ta ce a hankali, Adda mutane suna kallo. Adda ta ce su kalla, wata uku babu wanda ya kalle ta, yau ta samu.

Ta wuce wurin mai ruwan tokar. Ta kafa sanda. 'Yar matakalar ta tsaya ƙasa da tsagar ƙarshe da kaɗan. Nicholas ya matso zai taimaka, ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Daga nesa ya ce Mama ta kama maɗaurin da ke saman ƙofa, ta fara da ƙafar mai lafiya, haka tsohuwarsa take yi. Ta miƙa sandar ciki, ta kama, ta taka. Gwiwar ta yi ƙara, gumi ya keto mata ta cikin sabuwar atamfar. Ta tsaya, ta ja numfashi, ta juya ta zauna, sannan ta sa hannu biyu ta ɗago ɗayar ƙafar ta shigar. Babu wanda ya taɓa ta. Ta gyara mayafinta, ta tambayi ƙarfe nawa. Nicholas ya ce goma saura kwata.

"Gwaji aka ce, ko? To ni ban ga abin da zan gwada a bakin tafki ba. Yau Alhamis. A kai ni inda takarda ta ce ana kai ni."

Prudence ta karɓi makulli daga hannun Nicholas ta miƙa wa Murtala, ta ce oga shi zai ja, tunda shi ya saba da hanyar. Ta shiga gaba da fayil ɗinta. Nabilah ta ce ita za ta jira a nan.

Motar ba ta da laifi. Ba ta girgiza, sanyinta daidai, kujerar ta tallafi bayan Adda yadda tabarmar boskwata ba ta taɓa yi ba. Da suka isa asibitin, mutumin da ya rubuta cewa sau biyu yake zuwa duk mako ya shiga ta ƙofar masu haihuwa. Ya yi ribas, ya zagaya, ya sake ɓata, a ƙarshe ya sauke gilashi ya tambayi maigadi ina ne sashen gashin ƙashi. Prudence tana kallon gabanta kamar ba ta ji ba.

Mai gashin ta karɓi katin da Adda ta kwance daga mayafi, ta juya shi gaba da baya. Layi ɗaya ne a cike. Ta ce Mama ina kika shiga wata uku, ba na ce kada a yi fashi ba? Ta kwantar da ita, ta lanƙwasa ƙafar, Adda ta cije leɓe. Matar ta juyo ta dubi Murtala, ta faɗa masa a gaban kowa cewa abin da aka bari ya ƙage ba duka zai dawo ba. Tafiya za ta gyaru in an dage. Durƙuso kuwa, kada ta yi musu alkawari.

A barandar asibitin Prudence ta buɗe fayil a kan gwiwarta. Ta ce wa Adda gaskiya abin da ta gani yau ya isa ta mayar da takardar nan ofishinsu Murtala da bayani, in ta yi haka ba jif kaɗai zai rasa ba. Ta ce amma sunan Mama ne a jiki, Mama za ta faɗi abin da za a rubuta. Murtala yana tsaye jikin ginshiƙi, makulli a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa.

Adda ta dube shi. Ta san wannan tsayuwar, haka yake yi tun yana yaro in ya bar maraƙi ya shanye nonon da za a kai kasuwa.

"Ban zo a kore shi daga aiki ba, yaransa ba su yi mini komai ba. Talata da Alhamis ɗina na zo karɓa. Rubuta mai ruwan toka. Ki kuma rubuta cewa in an daina kawo ni, mai gashin nan za ta sani, ke ma za ki sani."

Prudence ta rubuta, ta karanta mata da Hausa, ta bar lambar wayarta a wurin mai gashin. Sannan ta buɗe 'yar tawada. Adda ta dangwala babban yatsanta ta danna a gefen mai ruwan toka, ta danna sosai har takardar ta lotsa.

To, kada wani ya zaci daga nan gida ya yi daɗi. Makonni Murtala bai gaishe ta ba. Nabilah ta daina kawo man zafi. Magana ta kai ruga cewa Adda ta tsinka ƙanenta a gaban bare, ta hana shi abin arziki, wasu har da cewa butulu ce, an ɗauko ta daga taɓo an sa ta a gidan siminti. Masu faɗin haka babu wanda ya zo ya ga tana salla a zaune. Haka abin yake a garin nan. Gidaje nawa ne ke da tsohuwa a ɗakin baya, sunanta yana cikin fayil a wani ofis yana jawo wa masu gida mota ko kujerar Makka ko ƙarin ɗaki, ita kuwa ko ƙofar falo ba ta gani? In ta yi shiru a ce mai haƙuri ce, a ci gaba da ci da sunanta. In ta yi magana a ce ba ta da kunya. Kunyar nan da aka ɗora wa mata irin Adda tun suna goye, ita ce ta cinye mata sujada, ba ciwo ba. Ciwo yana da magani Talata da Alhamis. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, ko yana so ko ba ya so, ko da fara'a ko da kumburin fuska.

Ranar Litinin aka kawo motar. Washegari ƙarfe bakwai Murtala ya fito da silifas ya tayar da ita, duk da Nicholas ya gaya masa irin waɗannan ba sa bukatar ɗumi. Hali zanen dutse. Ya koma shan shayi. Adda ba ta zauna a kujera 'yar tsugunne ba. Ta ja ƙafa taku goma, ta buɗe ƙofa, ta kama maɗauri, ta taka, ta zauna. Da ya fito da jakar ofis yana duba agogo, ya same ta a ciki, sanda a tsakanin gwiwoyi, kati a gefen mayafi.

Alhamis ya gwada kulle motar tana ɗumi. Ya fito ya tarar ta kawo kujerarta ta ajiye a bayan motar daidai tsakanin tayoyi, tana jan carbi, talabijin ɗin ribas yana nuna masa fuskarta. Bai sake kullewa ba.

Yanzu wata biyu ke nan. Goshinta bai koma ƙasa ba har yau, wataƙila ba zai koma ba. Amma a jikin sandar akwai sabuwar tsaga, ta takwas, kuma ita kaɗai ce a cikinsu da aka yi a saman wadda ta gabace ta. Faɗin yatsa ɗaya ne kacal. Adda takan shafa ta da farce in tana jiransa ya gama shayi.

Yakan shigo ya ja ƙofa da ƙarfi, ya gyara madubi don kada ya ga idonta. Ita kuwa ba ta fasa ba, kuma ba ta sauke murya kamar da.

"Murtala, yau Talata."

"Na sani, Adda."

Sai ya sa giya, ya karya kwanar asibiti.